Ku Tambayi Malam: Dangin kwaɗon da ya kwana cikin dutse shekara miliyan 160

Assalamu alaikum jama'ar zango. Wannan watan saƙonnin da suka shigo min da yawansu kan abu ɗaya ne, hoton nan da ke ta yawo a WhatsApp na wani faffaɗan dutse da ƙasusuwan wata 'yar dabba kwance a jikinsa, kai da haƙarƙari da jela duk sun fito ras, an rubuta a ƙasa wai salamanda ce ta zamanin dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun da daɗewa. Toh tunda abin ya shiga ran mutane haka, ni ma kuma fage ne da nake so tun ina makaranta, na ajiye sauran tambayoyin sai wata mai kamawa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibar babbar sakandare (SHS) ce ina karanta sayans, gidanmu a Aboabo. Na ga hoton nan amma ni dai ƙadangare na gani wlh, yayana ma yace ƙadangaren Turawa ne kawai. Dan Allah mene ne bambancin, kuma me yasa ake ta zumuɗi kan abin da bai wuce tafin hannu ba alhali ga dainoso manya manya?

AMSA: 'Yata, ki gaya wa yayanki kama da wane ba ta wane. Ƙadangare, da tsaka, da damo, da hawainiya duk fatarsu busasshiya ce mai ɓawo, suna da farce, ƙwansu kuma yana da kwasfa, a tudu suke ajiye shi. Salamanda ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Fatarta laushi gareta da danshi irin ta kwaɗo, har numfashi take yi da fatar, hannunta yatsu huɗu ne ƙafar baya biyar, kuma yawancinsu ƙwansu mai yauƙi ne ba kwasfa, a ruwa ko wuri mai laima suke zuba shi. In aka bi dangi, ƙadangaren da ke kaɗa kai a katangar gidanku ya fi kusa da kada da kaza fiye da yadda yake kusa da salamanda. Ita salamanda 'yar gidan su kwaɗo ce, sai dai ba ta yar da jelarta ba.

Ki yi wani abu da zarar damina ta kankama. Ki duba tsohuwar taya ko kududdufin bayan gida, za ki samu 'ya'yan kwaɗi baƙaƙe masu jela suna ta wutsil wutsil, ki ɗebi kaɗan a roba da ruwan wurin, ki ajiye a inuwa ki riƙa leƙawa kullum da safe. Na yi haka da yaran gidanmu bara. Ƙafafun baya ne suka fara ɓullowa kamar zare, bayan kwanaki na gaba suka fito, sai akwai wata rana biyu zuwa uku da abin ke da ƙafa huɗu ga kuma jela doguwa har yanzu ba ta shanye ba, yana lafe a gefen robar rabin jikinsa a ruwa rabi a waje. Toh a wannan ranar kin ga siffar salamanda da idonki, iyakaci shi kwaɗo zai wuce wurin, jikinsa ya shanye jelar, ita kuma a nan take zama har ta mutu. In sun gama ki mayar da su inda kika ɗebo su.

Yanzu batun dutsen. Zamanin da masana ke kira Jurasik ya fara ne wajen shekara miliyan 201 da suka wuce, ya ƙare wajen miliyan 145, kuma a tsakiyarsa ne salamanda ta fara bayyana da yawa a cikin duwatsu. A shekarar 1978 wani masani ɗan Rasha, Ivakhnenko, ya yi bayanin wani cikakken ƙwarangwal da aka samu a tsaunukan Karatau na Kazakistan, ya sa masa suna Karaurus, tsawonsa wajen santimita 20, kansa faffaɗa da ƙashin ƙoƙo mai kauri da zane zane a jiki. Bayan shekara goma, a 1988, aka sanar da Kokartus daga Kirgizistan, a wannan shekarar dai kuma Susan Evans da abokan aikinta suka sanar da Marmorerpeton daga wani wurin fasa dutse a Kirtlington kusa da Oksfod a Ingila. Na Ingilan gutsattsari ne, ƙashin baya nan, ɓarin muƙamuƙi can, sai an tankaɗe ƙasa kamar ana tankaɗen gari sannan a zauna da madubin ƙara girma ana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Aikin haƙuri ne na gaske.

Amma wurin da ya fi taɓa ni shi ne Daohugou, wani ƙauye a yankin Mongoliya ta Ciki a ƙasar Sin. Can a da tafkuna ne, kusa da su kuma akwai duwatsu masu aman wuta, in suka yi aman sai toka mai laushi ta sauko ta lulluɓe ruwan da duk abin da ke ciki, ta binne su kafin su ruɓe. A 2003 Gao Keqin na jami'ar Peking da Neil Shubin na jami'ar Chicago suka fitar da bayanin wata salamanda daga nan mai suna Chunerpeton, shekarunta sun haura miliyan 160. Ba ƙashi kaɗai ya saura ba fa. A wasu daga salamandojin wurin ana ganin inuwar fata, ana ganin abin shaƙar iskar nan mai kama da gashin tsuntsu da ke fitowa a gefen wuyansu, a wasu ma har abincin ƙarshe yana nan a ciki, ƙwarin ruwa da wasu ƙananan halittu masu ɓawo. Ki tsaya ki yi tunani, dabba ta ci abincinta wata rana a cikin tafki, toka ta sauko, kuma yau ga mutum zaune yana duba abin da ta ci. Ni duk sanda na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Da farko su Gao sun ce Chunerpeton dangin ƙatuwar salamandar nan ce ta ƙasar Sin da Japan, wadda ke raye har yau, ta Sin ɗin tana iya kaiwa mita 1.8, kusan tsawon namiji dogo. Daga baya wasu suka sake duba ƙasusuwan suka ce a'a, ta fi kama da reshen da ya rabu tun kafin dangogin yau su rarrabu. Abin da ya ƙara wa wannan ra'ayin ƙarfi shi ne wani Marmorerpeton da aka samu a tsibirin Skye na Sikotilan, mai shekara miliyan 166, wanda aka sanar a 2022. Shi ba su ma fasa dutsen ba, na'urar sikan irin ta asibiti amma mai ƙarfi suka sa, suka haɗa ƙasusuwan a kwamfuta, sai ga kai mai faɗi kamar na kwaɗo da muƙamuƙi mai ƙarfi. Haka ilimi yake, wani ya faɗi abin da ya gani, wani ya zo da sabuwar shaida a gyara, ba abin kunya ba ne.

Kin ce me yasa ake zumuɗi. Dainoso ƙashinsa ƙato ne, ko bayan shekaru miliyoyi za a iya tuntuɓe da shi, amma ƙashin salamanda siririn abu ne kamar ƙayar ƙaramin kifi, wani sashen ma guringuntsi ne, in ta mutu cikin kwana kaɗan babu ita. Saboda haka guda ɗaya cikakkiya tana da tsada a wurin masana. Sannan ga babban abin: in kika ɗora hoton ta Jurasik kusa da ta yau, tsarin jikin kusan ɗaya ne. Manyan dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, ita wannan mai laushin fatar da ko rana ba ta iya jurewa tana nan, iri sama da 700.

TAMBAYA: Malam ni direban torotoro ne, Kejetia zuwa Tafo. Gaskiya maganar miliyan miliyan ɗin nan ba ta shiga kaina. Wa ya zauna ya ƙirga? Ko dai Turawa suna faɗin lamba ne kawai tunda sun san ba mai musu?

AMSA: Ɗan'uwa tambayarka a kan hanya take, kuma gara mai tambaya da mai haɗiye komai. Ba ƙirgawa ake da hannu ba, hanya biyu ce ake haɗawa.

Ta farko ka san ta ai. Ka shiga shagon masu atamfa a Kejetia ka ga yadda ake jera turame, na ƙasa shi aka fara ajiyewa, na sama shi ne na baya. Laka da yashi da toka haka suke kwanciya a gindin tafki, shimfiɗa kan shimfiɗa, har nauyi ya danne su su zama dutse. Wannan zai gaya maka wa ya riga wani amma ba zai ba ka lamba ba.

Lambar daga tokar dutse mai aman wuta take fitowa. A cikin tokar akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli, ƙanana fiye da ƙwayar yashi, sunansu zirkon. Lokacin da zirkon ke haɗuwa yana karɓar yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, amma ba ya karɓar dalma. Shi kuma yuraniyom ɗabi'arsa ce yana rikiɗewa ya koma dalma sannu sannu, da saurin da aka auna aka sani, nau'in da ya fi yawa sai ya yi shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya juya. Kaga kenan duk dalmar da aka samu a cikin ƙwayar daga baya ta taru. Sai a auna yuraniyom nawa ya rage, dalma nawa ta taru, a yi lissafi. Kamar kai ne ka cika tanki da asuba, ka san abin da motarka ke sha duk zuwa da dawowa, in yaron motarka ya kawo maka ita da yamma ka duba gejin mai za ka san sawu nawa aka yi ko bai faɗa maka ba. In akwai toka a ƙarƙashin ƙasusuwan da wata a samansu, shekarun dabbar na tsakanin lambobin biyu.

Kuma ana musu sosai! Duwatsun Daohugou ɗin nan an daɗe ana jayayya kan shekarunsu, wasu sun ce ba su kai Jurasik ba, sai da ɗakunan gwaji daban daban suka auna, wasu da zirkon wasu da wata hanyar ta iskar argon, sannan magana ta zauna. Shi yasa za ka ga ana cewa "wajen" miliyan kaza, akwai ɗan ƙari ko ragi. Wanda mutane suka fi ji wato gwajin kabon, shi ba ya aiki a nan sam, iyakarsa wajen shekara 50,000.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne a Asawase, jikana ne ya rubuta min wannan. Na ji ana cewa an taɓa tono ƙasusuwan mutanen da ruwan ɗufana ya halaka a Turai, yanzu kuma jikan nawa yace wai ƙasusuwan wannan dabbar ce. Ina gaskiyar take, kuma irin wannan karatun ba zai taɓa imanin yara ba?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Jikanku ya yi gaskiya, ga yadda abin ya faru. A 1726 wani likita ɗan Suwizalan mai suna Scheuchzer ya yi bayanin wani ƙwarangwal da aka fasa daga dutse a Öhningen, kusa da tafkin Constance. Ya ga kai mai zagaye da ramukan ido biyu manya da doguwar ƙashin baya, sai ya yanke cewa mutum ne, ya sa masa suna da Latin mai ma'anar mutumin da ya shaida ɗufana. Mutum ne mai ilimi kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, sai dai abin da yake fatan gani ya riga idonsa. Bayan shekara fiye da 80 wani masanin ƙasusuwan dabbobi ɗan Faransa, Georges Cuvier, ya duba dutsen, ya sassaƙe gefensa a hankali, sai ga gajerun hannaye na salamanda sun fito. Ƙatuwar salamanda ce, dangin ta ƙasar Sin da na ambata a sama. Dutsen yana nan har yau a gidan tarihi na Teylers a garin Haarlem na Holan, kuma ko kusa bai kai na Jurasik tsufa ba.

Batun imani kuwa Baba, ku ne iyayenmu, ga malamai kuma a masallatan unguwa, fassara da hukunci nasu ne ni ba na shiga hurumin da ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa daga kaina shi ne ban taɓa duba irin waɗannan ƙasusuwan na ji na yi nisa da Ubangijina ba, tasbihi ma suke sa ni. A Suratul Ankabut aya ta 20 an umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Ku bar yaron ya yi karatunsa, ku riƙa zama da shi yana faɗa muku abin da ya koyo kuna faɗa masa abin da kuka sani.

TAMBAYA: Sallama Malam. Daga Nima a Accra nake. In dai dangin kwaɗo ce me ya hana mu ganinta a Ghana, ga mu da kwaɗi har ba sa barin mutum barci? Kuma in mun tona a nan za mu samu irin wannan dutsen?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. A duk Afirka kudu da Sahara babu salamanda mai rai, sai ka haura can Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Dalilin yana komawa ga Jurasik ɗin nan dai. A farkonsa ƙasashen duniya a haɗe suke dunƙule guda, gaɓar tekunmu ta Ghana manne take da Barazil, sai dunƙulen ya fara tsagewa gida biyu, na arewa da na kudu. Ka lura da wuraren da na lissafa, Sin, Kazakistan, Kirgizistan, Ingila, Sikotilan, duk ɓangaren arewa ne. Can ne gidan salamanda, kuma dabba ce da ba ta iya ƙetare ruwan gishiri, ba ta iya ƙetare hamada, ga ta da son sanyi da inuwa. An dai samu burbushin wata mai kama da ita mai suna Kababisha a Sudan, daga zamanin da ya biyo bayan Jurasik, alamar wasu sun taɓa isowa Afirka amma zuriyar ba ta ɗore ba.

Tono kuwa, a Kumasi kar ka wahalar da kanka. Duwatsun da muke zaune a kansu, waɗanda zinariyar Obuasi ke ciki, sun haura shekara biliyan 2, sun riga duk wata dabba mai ƙashi zuwa duniya. Ku a Accra kun ɗan fi mu, akwai duwatsu a bakin tekunku da ke ɗauke da burbushin ƙananan halittun teku masu ɓawo, su ma sun girmi salamanda nesa ba kusa ba. In ƙashi kake so sai ka nufi arewa wurin 'yan'uwanmu na Nijar. A yankin Agadez aka tono dainoson nan Jobaria da Nigersaurus da ƙaton kadan nan Sarcosuchus, a In Beceten ta jihar Tahoua kuma an samu ƙasusuwan kwaɗin ruwa na zamanin dainoso. Ina fata wata rana in ga ɗan zango ya karanci ilimin duwatsu a jami'ar KNUST ko ta Legon ya je ya yi wannan aikin da hannunsa, Hausar da ke bakinsa kaɗai za ta buɗe masa ƙofofi a can.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni Hajiya ce mai sana'ar abinci a Sabon Zango, muna da 'yar gonar koko a ƙauye. Ran nan yara na share ganye a gindin bishiya suka tono wani abu dogo mai santsi, launin toka toka, jikinsa zobe zobe kamar ƙatuwar tana amma yana da baki. Suka ce maciji ne suka kashe. 'Yata ta ce a makaranta an ce musu dangin kwaɗo ne. Kwaɗo kuma ba ƙafa?

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya sa albarka a sana'a. Yadda kika siffanta shi, santsi da zobe zobe da baki, ya yi daidai da abin da masana ke kira sisiliyan, kuma 'yarki ta riƙe karatunta da kyau. Gidan nan 'ya'ya uku ne, kwaɗo, salamanda, da wannan. Mu a Ghana an ba mu biyu. Irin da ake samu a dazuzzukanmu, Geotrypetes seraphini, a cikin ƙasa mai danshi yake zama yana cin tana da gara, idanunsa ƙanana ne fata ta rufe su, kuma macen haihuwa take yi ba ƙwai take sakawa ba. Ba ya ɓarna a gona. Amma ki ja wa yara kunne kar su ɗauki abin da ba su sani ba da hannu, don akwai wani baƙin maciji na cikin ƙasa mai dafi da shi ma ake tonowa a irin wurin nan. Su sa sanda su duba daga nesa, maciji yana da ɓawo a jiki kuma yana zaro harshe mai baki biyu, wannan kuwa jikinsa sumul yake da yauƙi.

Kin ce ba ƙafa. Ai kakanninsa suna da ita. A jihar Arizona ta Amurka, a duwatsun farkon Jurasik na wajen shekara miliyan 190, an samu Eocaecilia wanda aka sanar a 1993, jiki dogo irin na sisiliyan amma ga 'yan ƙafafu guda huɗu ƙanana. A cikin waɗannan duwatsun dai aka samu Prosalirus, aka sanar a 1995, kwaɗo mai dogayen ƙafafun baya da ƙugun da ya dace da tsalle. Kafin shi akwai Triadobatrachus na Madagaska mai shekara wajen miliyan 250, kansa na kwaɗo ne sak amma bayansa dogo, ƙashin bayansa 14 alhali kwaɗon yau ba ya wuce 9, ga ɗan guntun jela, kuma bai iya tsallen kirki ba. Ita ma salamanda an samo mata magabaciya kafin Jurasik, Triassurus ta Kirgizistan mai shekara wajen miliyan 230. Sannan a 2024 aka sanar da ɗan kwaɗo mai jela daga Patagoniya ta Ajantina, shekara miliyan 161, tsawonsa kusan santimita 16, wato tun lokacin kwaɗo yana fara rayuwa a ruwa da jela kamar na cikin tayar Aboabo.

Abin da ya haɗa su ukun har aka gane 'yan gida ɗaya ne, ban da fatar, akwai haƙori. Haƙorinsu hawa biyu ne, gindi da kai, tsakaninsu akwai wata gaɓa mai ɗan laushi. Shi yasa ɓarin muƙamuƙi da bai kai ƙwayar shinkafa ba yake iya gaya wa masani ko na waye. Duk sun taso kenan da siffar mai ƙafa huɗu da jela, kwaɗo ya gajarta baya ya yar da jela ya koma tsalle, sisiliyan ya ƙara tsawo ya bar ƙafa ya shige ƙasa, salamanda ce ta fi tsayawa kusa da siffar ta asali.

Hajiya tunda gonarku a daji take bari in faɗa miki abin da ke damuna. Fatar nan da suke numfashi da ita, duk abin da ke cikin ruwa shiga take yi kai tsaye, maganin feshi ne, man inji ne, ko ruwan galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, da ya koma kamar koko. Binciken duniya da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na wannan dangin suna cikin haɗarin ƙarewa, sun fi tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa shiga uku. A dajin Atewa kusa da Kyebi akwai wani kwaɗon rafi da sai a 2021 aka ba shi suna, Conraua sagyimase, masana 'yan Ghana irin su Caleb Ofori-Boateng na cikin waɗanda suka yi aikin, kuma daga wannan dajin ne kogin Densu ke tasowa, wanda ke cika dam ɗin Weija da mutanen Accra ke sha. Ni na taso ina jin kukan kwaɗi a fadamar bayan unguwarmu har sai mun ɗaga murya in muna hira da dare, yau an cike wurin da bola da gini, in an yi ruwa guda biyu ko uku kake ji.

Saboda haka in yara sun sake tono shi, su tura shi da sanda gindin bishiya su mayar masa da ganyen a kai, yana son danshi, rana na kashe shi cikin ɗan lokaci. In akwai waya a kusa su ɗauki hotonsa kafin ya shige ƙasa, kai da jikin su fito sosai, ki ba 'yar taki ta kai wa malamin sayans ɗinsu, ni ma a turo min ɗaya in gani. Masu feshin koko kuma ki roƙe su kar su wanke tankin maganin a rafi, su ɗebi ruwa a bokiti su koma can tudu nesa da bakin ruwan.